Littattafan Panama a Kwantena

Duk macen da ke fatauci zuwa Guangzhou, wanda a bakinmu ya koma Gwanzu, ta san azabar sautu. Da an ji bizarki ta fito gidanki ya zama tasha. Wannan yana son waya mai layi biyu, waccan tana son irin takalmin da ta gani a ƙafar wata a gidan biki, lambar ƙafarta ma ba ta sani ba, sai ta taka takarda a zana miki tafin. Akwai 'yar kawuna da ta taɓa ba ni sautun shayin rage ƙiba, ita da in hadari ya taso sai ta riƙe bango. Kowa ki ce masa in Allah ya yarda, don in kika ce a'a sai a ce kin yi kuɗi kin canja.

A shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik, wajen farkon damina, ina haɗa akwati sai maigidana ya shigo ya zauna a bakin gado. Malamin tarihi ne a wata sakandaren gwamnati a Kano, ni ma Malam nake ce masa kamar ɗalibansa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Hajiya, ni ma yau ina da sautu."

Na ce, "Kai ma an shigar da kai? Agogo ko takalmi?"

Ya ce littafi. Littafin tarihin wata ƙasa wai ita Panama, ko guda biyu ne, in dai da Turanci.

Ban taɓa jin sunan ba sai ran nan. Ya ɗauko littafin taswirar yara ya nuna mini ita, 'yar siririya kamar wuyan tulu, maƙale tsakanin Amurka ta sama da ta ƙasa. A nan, in ji shi, aka haƙa mashigin ruwa don jirage su riƙa ratsawa daga teku zuwa teku, kuma kusan lokaci guda Turawa suke shimfiɗo layin dogo zuwa Kano. Kundin digirinsa na biyu a kan haka yake: leburorin da suka yi dogon Kano da waɗanda suka haƙa mashigin, wa ya kwaso su, yaya aka biya su, yaya suka ƙare. Ɓangaren Kano ya gama tuni. Ya bi tsofaffi har ƙauyukan bakin dogo, ya yi jele zuwa Kaduna wajen tsofaffin takardu. Ɓangaren Panama ne ya tsaya masa a wuya. A laburaren jami'a 'yan shafuka ya samu cikin wani littafi da gara ta fara ci, a shagon intanet kuwa kafin shafi ɗaya ya buɗe an ɗauke wuta. Digirin ya daɗe yana jansa tsakanin koyarwa da yajin aikin malaman jami'a, har an ba shi wa'adin ƙarshe: ya miƙa bayan ƙaramar Sallah, ko sunansa ya fita.

Na ce, "Malam, China fa za ni, ba Amurka ba."

Ya yi murmushi ya ce, "Ba ke kike cika baki ba, wai ba abin da babu a Gwanzu sai uwa da uba?"

Ni na faɗa, ban musa ba. Na ce ya ɗauka littattafan sun zo.

Na sauka a unguwar Sanyuanli, a otal ɗin da muka saba, inda ɗaki ba ya wuce gado da wajen jibge kwali. Jakunkunan mata nake sarowa in kai shagona a kasuwar Kwari. Makonnin farko ban ko tuna da Panama ba sai in Malam ya kira. Shi kuma ba ya tambaya. Zai tambayi lafiya, ya tambayi zafin gari, ya ba ni labarin yara, sannan ya ɗan yi shiru. A cikin shirun nan nake cewa, "Ina nan ina nema." Ban fara ba. In na ajiye wayar sai haushin kaina ya kama ni, in huce a kan mai kawo kwali.

Da na fara kuma, irin neman da na iya na yi. Mu a can da samfur ake magana. Ki nuna wa lawban, wato mai shago, jaka ko hotonta, ya danna miki farashi a kalkuleta, in babu ya ce ki dawo jibi an ɗinka. To littafin da ban taɓa gani ba, ina zan sami samfurinsa? Na rubuta sunan ƙasar da manyan baƙaƙe a bayan katin wani shago, na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa wani katafaren kantin littattafai mai hawa-hawa. Sashen Turancinsu duk littattafan koyon Turanci ne da labarin yadda attajirai suka yi arziki. Na nuna kati, mai tsaron wajen ta buga a na'ura, ta girgiza kai ta ce meyo. Babu ke nan. Ita ce kalmar da na fi tsana a China, don sukan faɗe ta tun ba ki rufe baki ba. Na haura sama, meyo. Na je wani kantin kusa da wata jami'a, nan wani mai kirki ya kawo mini taswirar duniya a naɗe, ya warware, ya sa yatsa a kan ƙasar yana murna. Na ce masa sheshe, wato na gode, na saya don kada wahalarsa ta tafi a banza.

A gidan da muke cin tuwo, wani bene da Hausawa ke taruwa da rana, na ba 'yan'uwana mata labari. Suka kwashe da dariya. Wata ta ce miji ya rasa sautun da zai bayar sai takarda, boko dai in ya yi yawa ciwo ne. Na tashi na wanke ta tas, na ce ita nata mijin ko sunansa ya iya rubutawa? Sai da aka shiga tsakani. Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne ni ma da safen nan, ina jiƙe da gumi a cikin jirgin ƙasa, kusan haka na faɗa a raina.

Ranar Juma'a bayan an sakko daga Masallacin Huaisheng, a wajen masu sayar da gurasa da gasasshen nama, na ci karo da mutumin da ke yi mana lodin kwantena. Dattijo ne ɗan zangon Kumasi, Hausarsa ta Gana, mace da namiji duk "kai" ne a wajensa. Na kai masa kuka, na ce ko ƙasar nan tana da ofishin jakadanci in je in roƙa.

Ya ce, "Hajiya, ba shi da ofis nan, da Taiwan yake abota. Amma ka je Nansha, tashar jirgin ruwa, ka gani, jirgi da yawa an rubuta Panama a baya nasa."

Na ce, "Alhaji, jirgin zan tare in tambaya tarihi?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "To ka tambayi mutanen jaka naka. Ba 'yan Huadu ba ne? Dangi nasu cike yake can."

Matambayi ba ya ɓata. Matar da nake saren jaka a wajenta 'yar Huadu ce, wata gunduma a arewacin birnin. Shekara da shekaru muna faɗa da ita a kan zif da ɗinki, ban taɓa tambayarta ko tana da dangi ba. Da na nuna mata katin sai ta tafa hannu. Kawunta ya yi rabin rayuwarsa a can yana tsaron kanti, da tsufa ya kama shi ya dawo gida. Ranar da za mu je duba kaya a masana'anta ta biya da ni gidansa.

Ɗan ƙaramin tsoho ne sanye da singileti, yana zaune gaban fanka. Ya san Musulmi, don bai kawo mini komai ba sai shayi a 'yan ƙananan kofuna da 'ya'yan itace a faranti. Turancinsa ya fi na duk wani lawban da na sani, wai a bakin baƙaƙen garin da ya zauna ya koya, jikokin waɗanda suka haƙa mashigin. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya gyara zama. Ya ce tun kafin a haƙa ruwan an kwashi mutanensu su shimfiɗa dogo a can, da yawa ba su dawo ba. Ya ce lokacin haƙa, Bature da zinariya ake biyansa, baƙar fata da azurfa, tagar karɓar albashi daban, famfon shan ruwa daban. Yana magana ina gyaɗa kai, rabin abin yana wuce ni, zuciyata tana cewa ba ni ya kamata in zauna a kujerar nan ba. Wanda ya san abin da zai tambaya yana Kano yana rubutu a allo, ni da ban san komai ba sai fatar jaka ni aka kawo.

Sai na ciro waya na kira Malam. A Kano safiya ce, yana aji. Na ce, "Malam, fito waje, ga mutumin Panama." Na miƙa wa tsoho. Suka yi ta Turanci, tsoho yana ɗaga murya kamar da ƙarfin maƙogwaronsa za ta kai Kano, har katin wayar ya ƙare. Daga baya na sake samun Malam. Ya ce, "Hajiya, kin gama mini komai." Tun da muka yi aure ban taɓa jin ya yi magana da sauri haka ba.

Tsoho yana da littattafai uku a kabad, biyu na Turanci masu kauri, ɗaya na Sifaniyanci da 'yarsa ta yi makaranta da shi, cike da hotuna. Ya ce ba zai rabu da su ba, amma in kai a yi fotokwafi. Mutanen China kuwa in dai kwafi ne an zo gidansa. Suka ba ni kundi uku da bango shuɗi, ɗinkin ya fi na asalin kyau. Illarsu ɗaya, a fuska ɗaya ta takarda suka buga, kowanne ya ninka kaurinsa. Ina ɗaga ledar hannuna ya faɗa mini nauyinta, don hannun 'yar kasuwa sikeli ne.

Ana wata ga wata. Da wasannin suka matso sai gari ya canja mana. An daina ƙara wa'adin biza, 'yan sanda suna bi otal-otal suna duba fasfo, wanda bizarsa ta ƙare yana zaune a ɗaki kamar mai takaba. Kowa ya hau neman kujerar jirgi. Ni ma tawa ta kusa ƙarewa, dole na yanke tafiyar.

Ana saura kwana kaɗan in tashi uwar ɗakina ta kira daga Kano. Ita ta fara riƙo hannuna zuwa China, ita ta koya mini in an buɗe kwali a duba na ƙasa ba na sama ba. Za ta aurar da 'yarta kafin azumi, ta ce akwai leshin anko da mayafai a wajen wani lawban, in taho da su a hannu. Ta ce, "'Yar nan, na san ba za ki ba ni kunya ba." Na ce, "Haba Hajiya, an gama." Wannan ba abin da ake tsayawa tunani a kansa ba ne.

Da hantsi na zube komai a ƙasan ɗaki na ɗauko sikelin hannu mai ƙugiya. Ga leshin Hajiya uwar ɗakina, ga sautun mutane, ga sababbin jakunkunan da na ware don in riga kowa kai su Kwari kafin Sallah, ga littattafan Malam. Na auna, na cire, na sake aunawa, akwati bai yarda ba. Dole wani abu ya bi kwantena.

Mu 'yan kasuwa muna da ƙa'idarmu: abin da yayinsa ke wucewa shi ke hawa jirgin sama, abin da ba ya lalacewa ya bi ruwa. Jaka in ta makara kaɗan kowane shago ya kawo irinta, ta zama tsohon yayi. Takarda kuwa ba ta ruɓewa. Tarihin da ya yi shekara ɗari yana jira, me zai same shi a wata biyu? Haka na lissafa, kuma lissafin ya zo mini daidai da abin da nake so. Na san ba tarihin ne ke da wa'adi ba, mai karanta shi ne, amma na kawar da kai. Na sa littattafan a kwali, na cike gefensu da silifas.

Dattijon Kumasi da ya zo ɗaukar kaya ya dubi kwalin da na rubuta wa sunan Malam. Ya ce, "Hajiya, kwantena na haɗaka ne fa, bai cika ba. Mutane duka ya gudu. Sai ya cika zai tafi Nansha."

Na san yadda haɗaka take, ba ran nan na fara ba. Kayan mutane da yawa ne a kwantena ɗaya, ba a rufe ƙofa sai an toshe ko'ina. Na kuma ga yadda Sanyuanli ta yi fayau. Duk da haka na ce masa za ta cika, na karɓi rasit.

Malam da kansa ya zo tarona a filin jirgi da motar abokinsa. Shi ya ɗauki akwatunan yana tsokanata wai duwatsun China na kwaso. A gida aka cika falo, ina buɗewa ina rabawa, mai waya ya karɓa, mai takalmi ta gwada ta ce ya matse ta. Shi yana gefe a kan kujera yana bin kowane akwati da kallo har ƙasansa. Da aka watse ya taya ni tattara ledoji. Bai tambaya ba, ni na ce, "Malam, littattafan suna kwantena. Nauyi ne da su, ga kuma kayan Hajiya."

Ya ajiye ledojin da ke hannunsa. A bayansa jakunkunana suna jere a kan kafet, kowacce cikin ledarta. Ya ce, "To, Allah ya kawo su lafiya."

Da faɗa ya yi da na samu abin kamawa. Ni mace ce mai baki, in aka taso mini na san hanya. Amma mutumin da ya ce Allah ya kawo su lafiya, me za ki ce masa? Amin na ce.

Jakunkunan kafin azumi ya raba sun ƙare. Bikin Hajiya ya yi kyau, an yaba leshi. Ni kuwa kullum ina kan waya da dattijon Kumasi. Kwantena ba ta cika ba. An rufe wasanni, ba ta cika ba. Na ce ya ciro mini kwalin ya sa a jirgin sama ko nawa ne, ya ce kwalin yana can ƙurya, kayan mutane sun danne shi, sai an sauke rabin kwantena kuma ba mai yarda. Na yi masa masifa har ya kashe waya, alhali mutumin nan ya gaya mini tun farko. Na kira matar jaka in roƙa a sake yin kwafi, ta ce kawu ya tafi ganin 'yarsa ya kulle gida, ba ta san ranar dawowarsa ba.

Malam ya yi iya yinsa. A cikin azumi yakan tashi daga makaranta ya wuce shagon intanet, ya dawo dab da shan ruwa da 'yan takardu a hannu. Ya rubuta duk abin da tsoho ya gaya masa a waya. Bayan Sallah ya miƙa kundin digirinsa. Malamansa suka ce ɓangaren Kano ya yi, amma na Panama ba madogara, ba a gina kundi a kan hirar waya, kuma ba sauran wa'adi. Ranar da ya dawo da labarin ya ci abincinsa tas, ya ce wa yara su rage ƙarar talabijin, ya ce mini haka Allah ya so. Na shiga kicin na tsaya ba tare da ina da abin yi a ciki ba. Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba, don na san da hannuna na ɗora shi a sikeli tare da jaka, jakar ta rinjaye shi.

Kwantena ta iso bayan babbar Sallah, aka sauke kayana a shago. Na ga kwalin, gefe ɗaya ya lotsa, yana warin roba. Niyyata in kai shi gida da kaina in ajiye inda zai gani ba tare da na ce komai ba. Sai ga Malam ya biyo ta shago daga makaranta, da farin alli a hannun rigarsa. Ya karanta sunansa a jikin kwalin. Ya tsugunna ya yanke salatif da makullin babur, ya fitar da silifas ɗin ya jera mini a gefe, sannan ya ciro kundin nan uku. Ya buɗe ɗaya ya daɗe a kan wani hoto, baƙaƙen mutane a layi cikin laka, kowa da shebur a kafaɗa. Ya ce in na koma in gode wa tsohon nan ƙwarai.

Sannan ya haɗa su ukun ya miƙe, ya ɗan jijjiga su a hannu ɗaya. Ba da gatse ya faɗa ba, na san gatsensa. Mamaki ne kawai irin na wanda bai saba da awo ba.

Ya ce, "Ashe ma ba su da wani nauyi."

Ya ɗaure su a bayan babur da roba, ya tambaye ni ko akwai abin da zai wuce mini da shi gida. Na ce babu.